Hadi, Na Nemi Hotonka Ban Samu Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, shida ga Maris, 2012, mota ta buge ka a hanyar unguwar Gudu kana tafiya ofis. Kafin la'asar mun sa ka a makwancinka. Wallahi Hadi, har yau zuciyata ba ta yarda ba.

Ranar sadakar uku matarka Rekiya ta roƙe ni abu guda. Ta ce, "Yaya, wayarsa ta farfashe a hatsarin. Ka samo wa Mariya hoton babanta yana dariya. Shekararta biyu, ba za ta tuna fuskarsa ba." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai aikin minti biyar ne.

Na faɗi haka ne don na san abin da ka bar mana. Ka san halinmu a ofishinmu na Garki. Kowa ya kwafi takarda a kwamfuta sai ya cusa ta cikin folda, foldar cikin wata, ya sa mata suna "sabo", gobe "sabo na biyu", jibi "na ƙarshe". Shirme tsagwaronsa! A haka fayil ɗin wani fili ya ɓace a hannuna, oga ya ba ni kwana uku, ko fayil ko takardar kora. Ka ja kujera kusa da ni, ka rubuta 'yar manhaja mai layi goma sha biyu. Ka ce in ta shiga folda za ta duba, in ta tarar da wata a ciki ta shige ta, ba ta komowa sai ta kai ƙarshe. Kafin shayina ya huce ta zaƙulo fayil ɗin, can cikin folda ta tara. Ka hana ni ko godiya, ka ce in daina sa wa abu suna "sabo".

Kai ne kuma mai ɗaukar mana hoto a kowane taro, kana sa wa kowane hoto sunayen waɗanda ke ciki. Jiya na zauna a kujerarka, na ba manhajar sunanka. Ta bi folda dubu arba'in. Sunana ya fito sau sittin da na gwada, na Bartholomew direba sau talatin. Naka sau ɗaya, shi ma manhajar ce kanta, wadda muka sa wa sunanka. Ashe shekara bakwai kana bayan kyamara, babu ɗayanmu da ya taɓa cewa, "Kawo in ɗauke ka." Kaico! Kunya ta ishe ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba Rekiya da mahaifanka haƙuri, Ya raya Mariya. Gobe zan je gidanka, kuma ban san da bakin da zan gaya wa Rekiya ba.