Tagogin da Muka Canza Saboda Mama

Shekarar da muka sayi gidanmu na McLeansville a Amurka na haifi 'yata ta biyu, Mama ta zo daga Katsina don ta zauna min jego. Ta sauka ana tsakiyar sanyi. Gidan tsoho ne, tagoginsa na katako masu gilashi falle ɗaya. Ko na'urar ɗumama gida na aiki, in ka kai hannu gefen taga sai ka ji iska na kurɗowa. Da safe gilashin yakan jiƙe sharkaf, ruwa na gangarowa kan katakon.

Mama kuwa ba ta da wurin zama sai jikin tagar falo. Nan take jan carbinta tana kallon filin maƙwabta. Na yi na yi ta matso ciki, ta ce ita ba za ta wuni tana kallon bango ba. Da tari ya kama ta, maigidana ya ce a canza tagogin kawai.

Muka ɗauke ta muka tafi wani shago a Wendover. Mai shagon ya jera mana samfura, wata gilashi biyu da gas a tsakani, wata uku. Ya kunna fitila mai zafi a bayan kowacce, muka riƙa taɓawa don mu ji wadda zafi ba ya ratsawa. Maigidana ya ƙyalla ido a kan wata da ake kafewa gaba ɗaya, ya ce ita ce iska ba ta samun hanya.

Mama ta shafa ta sama da ƙasa. "Ina mabuɗinta?"

"Ba ta buɗuwa, Mama," in ji maigidana. "Amfaninta ke nan."

"To in na soya kifi, ko na sa daddawa a miya, ƙamshin ta ina zai fita? Ku kwana da shi?"

Na juya ina dariya. A ƙarshe muka ɗauki mai gilashi biyu da firam ɗin roba, wadda ake murɗa hannunta ta buɗe, in an rufe kuma ta matse gam.

Da aka saka su falon ya riƙe ɗumi, jiƙewar safe ta ɗauke, tarin Mama ya lafa. Sai dai ta ce gidan ya yi tsit da yawa, ko motar mai kawo wasiƙu ba ta ji. Don haka kullum bayan azahar takan murɗa tagarta ta buɗe kaɗan. Maigidana in ya dawo daga jami'a sai ya gaishe ta, ya rufe, ya wuce ciki. Haka suka yi har ta koma gida.