Ƙafar Yaya Lawali

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Lawali a Tamanrasset, nesa da Damagaram. Magini ne, ni kuwa a lekkol, makarantar boko, nake koyarwa, aikin da yake kira zaman inuwa da albashi.

Da ƙafa yake kwaɓa ƙasa. Yakan shiga kwaɓin har idon sawu, ya lumshe ido, yana takawa a hankali kamar mai jin kalangu daga nesa. Tafin ƙafarsa ke gaya masa ko ruwa ya isa. Wata rana a wani lambu a Hirafok ya tsaya tsakiyar kwaɓi, ya kira ni yadda ake kiran malaman lekkol, ya ce, “Mushe, ƙasar nan ta daina yi mini magana.”

Ƙafar ta mutu. Daga baya jiki ya kumbura, fitsari ya riƙa kumfa. Sai ya raba ciwon biyu, yadda maginanmu ke yi: kumburi na lokotoro ne, wato likita, ƙafa ta wanzami ce, don kowa ya san siminti na cin ƙafa. Lokotoro ya duba ƙoda, wanzami ya kafa ƙaho, ba wanda ya ji labarin ɗan'uwansa.

“Ka gaya wa lokotoro zancen ƙafar,” in ji ni.

“Ƙane, wa ke kai wa babban mutum ƙarar tafin ƙafa?”

Bana 'yarsa Hadiza, da ke karatun likita, ta bayyana mini cewa akwai wani furotin mai riƙe ƙwayoyin jiki da juna, kamar kwaɓi tsakanin tubali, kuma ana samun irinsa a jijiyoyi da matatar ƙoda. In ya samu matsala, wuraren biyu na iya amsawa tare. Na tambaye ta ko da ya faɗa wa lokotoro zancen ƙafar zai rayu. Ta ce, “Baba, Allah ne masani. Amma da an saurare shi.”

Da Yaya na raye ya ji wannan, na san dariya zai yi, ya ce ashe Ubangiji ma da kwaɓi ya gina mu.

Katangar da ya gina a Hirafok na nan tsaye. Nakan je da la'asar, lokacin da duwatsu ke komawa ja. Akwai tubali ɗaya mai shatin diddigensa. Hadiza ta sa ƙafarta a ciki, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Yanzu duk majinyacin da ya zo mata da kumburi, takalmi take fara sa shi ya cire.

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya.