Ruwan da Ban Ƙirga Ba

Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a wata firamare a Makera, kuma abin da nake tinƙaho da shi ke nan: ba a taɓa kama ni da kuskuren tarawa ba. Saboda haka ranar da likita ya ce ƙodar maigidana ta gaza, za a riƙa yi masa wankin jini da inji Litinin da Alhamis, ya kuma ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, sai na ce a raina wannan kam aikina ne. Likitan ya yi mana bayani dalla-dalla. Tunda fitsari ya kusa ɗaukewa, duk abin da Malam ya sha yana nan zaune a jikinsa har ranar wanki. In ya yi yawa sai ya hau ƙirji, numfashi ya gagara, zuciya ta gaji.

Na samo gorar roba na ja mata layi da jan biro. Kullum da safe in cika ta zuwa layin. Shayinsa daga cikinta, kununsa daga cikinta, har ruwan haɗiye ƙwaya. Na janye gishiri daga miya, na ɗauke randa daga ƙofar ɗakinsa. Malam tsohon bakaniken injin saƙa ne, a Kakuri ya ƙarar da ƙuruciyarsa kafin masaƙar ta rufe, kuma bakinsa bai taɓa gajiya da tsokana ba. Ya sa mini suna Hedimasta. In ya miƙa hannu wajen gorar sai ya fara duban fuskata, wai kamar ɗalibin da ke neman izinin fita fitsari. Ni kuwa ba na dariya, don tsoro ne fal cikina.

Asibitin ba shi da nisa, keke mai ƙafa uku muke hawa. Ranar farko da na ga jinin mutumin da na aura yana fita ta siririn bututu, ya shiga inji ya zaga, ya dawo masa ta wani bututun, shi kuwa yana kwance yana hira, salati kawai na kama yi. Har yau ban saba ba. Abin da wata 'yar tsoka take yi mana a ɓoye ba mu ko gode mata, ga shi sai da inji mai tsayin mutum, da wuta, da ma'aikata.

A shekararmu ta biyu aka kafa wani babban talabijin a bangon ɗakin, kusa da teburin nas-nas. Ba ya nuna fim ko labarai. Kowane majinyaci yana da layinsa da lambarsa. In an ɗora mutum a sikeli kafin wanki da bayan wanki, in an auna hawan jininsa, duk sai a shigar, ya fito a layin nan. Wanda lamarinsa ke daidai, kore. Wanda ake so a sa wa ido, ruwan ɗorawa. Wanda ke cikin haɗari, ja. Da can sai nas ta buɗe fayil ta yi ta juya takardu, kuma ba ta ganin komai sai na ranar. Yanzu daga bakin ƙofa take hango wanda za ta fara zuwa wajensa. Malam ya dubi talabijin ɗin ya ce ai Sufeto aka kawo, irin wanda ke zagaya su a masaƙa hannu a baya. Sunan ya bi abin, har ma'aikatan suka kama.

Da farko mu da Sufeto lafiya lau. Layinmu kore ne, ina shiga ina ɗaga kai kamar wadda ɗalibanta suka cinye jarrabawa. Sai kuma abu ya juya. Ranar Litinin muka zo, ja. Alhamis, kore. Wata Litinin ɗin, ja. Ƙafafun Malam suka kumbura har takalminsa na zuwa masallaci ya daina shiga. In zai je masallacin da ke bayan gidanmu sai ya tsaya sau biyu a hanya yana dafa bango. In ya kishingiɗa bayan azahar sai ya tashi zaune yana haki. A ranakun Litinin kuma, da yake ruwan da za a cire ya yi yawa, jijiyoyin ƙafarsa su ɗaure, jiri ya kwashe shi, in ga babban mutum yana cije leɓe.

Dangi suka fara magana. Ƙanwarsa ta zo dubiya, ta leƙa tukunyata ta ɗanɗana miya, ta ce ita dai ta ji gishiri. Na koma na tsare Malam da tambaya ko yana sha a waje. Ya rantse bai taɓa karɓar ko kurɓi a gidan kowa ba. Na yarda da shi, sai na juya kan Sufeto. Na gaya wa shugabar nas-nas ɗin cewa injinsu ya lalace, ni malamar lissafi ce, na san abin da nake zubawa a gorata.

Sista muke ce mata. Mutuniyar kudancin jihar nan ce, a Gonin Gora take zaune, doguwa mai sanyin murya. Ba ta yi musu da ni ba. Ta jawo mini kujera gaban teburinta, ta danna lambar Malam, sai layin nan guda ya buɗe ya cika fuskar talabijin ɗin. Duk zuwan da muka yi tun ranar da aka kafa shi ga shi nan a jere, ɗigo bayan ɗigo. Na ga watannin da ɗigon ke tafiya a miƙe. Na ga inda ya fara tsalle, sama ranar Litinin, ƙasa ranar Alhamis, kamar haƙoran zarto. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan ba zan iya faɗin makon da ciwon ya juya ba, ga wani abu a bango ya riƙe shi tsaf.

Sista ta ce kowa yakan ɗan ƙaru ranar Litinin saboda tazarar ta fi tsawo, amma ba irin wannan ba. Ta ɗora yatsa a kan ɗigon farko da ya yi tsalle.

"Mama, wannan makon bayan babbar Sallah ne. Mene ne ya fara shigowa gidanku tun lokacin, tsakanin Alhamis da Litinin?"

Na buɗe baki zan ce babu komai, sai na tuna. Malam yana da amini tun suna samari, malamin allo ne a Tudun Wada. Da ya zo gaisuwar Sallah ya ga yadda abokinsa ya rame, sai ya yi alkawarin rubutun sha. Tun daga nan duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan zo da kansa da galan guda, ayoyin waraka da ya rubuta ya wanke. Ni nake karɓa da hannu biyu. Ni nake tsiyaya wa Malam a babban kofi safe da yamma da bisimilla, kuma ina matsa masa ya shanye kafin Litinin don kada ya tsufa. Gorata tana gefe da jan layinta, ban taɓa rage mata ko cokali ba. A ganina wannan magani ne, addu'a ce, ban taɓa sa shi a sahun ruwa ba.

Na faɗa mata kaina a sunkuye. Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Sai ta ce a cocinsu ma ana kawo wa marasa lafiya ruwan da aka yi wa addu'a, kuma ta sha fama da irin wannan. Ba ta ce a daina ba. Ta ce kawai duk abin da zai wuce maƙogwaro, daga cikin gorar nan za a cire shi.

Abin da ya fi mini wuya shi ne gaya wa aminin. Yaya za ka dubi dattijon da ya ɓata yini yana rubutu saboda ƙauna ka ce masa kyautarsa ta yi yawa? Ranar Juma'a na durƙusa na zayyana masa komai, har da haƙoran zarton. Ya ɗauki galan ɗinsa ya tafi, na ce a raina shi ke nan na raba zumuncin shekara hamsin. Washegari sai ga shi da wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba. Ayoyin nan dai ya sake rubutawa bai rage ko ɗaya ba, ya wanke su da ruwa cikin cokali biyu, har ya yi baƙi wuluk. Ya ce albarkar a ayar take, shi ne ya ɗauka yawan ruwa yawan ƙauna ne.

Ba a rana ɗaya aka gyaru ba. Litinin ta farko ruwan ɗorawa muka samu. Sai a ta uku na ɗaga kai na ga kore, na tsaya a tsakiyar ɗaki ina kallonsa har Sista ta ce in matsa a wuce da keken majinyaci. Allah da ya ba ɗan Adam ilimin da zai sa bango ya tuna abin da matar gida ta manta, shi ne abin godiya. Takalmin Malam ya koma shiga.

A hanyar gida cikin keke na ce masa ashe mu duka biyu ba mu da wayo, shi bakanike ni malama, a ce ba wanda ya gane rubutu ruwa ne. Da muka wuce tsohuwar masaƙarsu sai ya juyo ya dube ni.

"Ni na gane, Hedimasta," ya ce. "Ƙishi nake ji. Kuma shi kaɗai ne ruwan da kike miƙo mini fuskarki a sake."

Da muka isa gida na tsiyaya masa rabonsa na la'asar daga gorar, daidai layi. Maimakon in tsaya a kansa yadda na saba, sai na shimfiɗa tabarma na zauna kusa da shi har ya shanye.