Zakaran Sulle a Cikin Mangwaro

Ikilima ta yi shekara goma sha tara tana girki a gidan wani likita a Kaduna. Da mijinta ya rasu, ta tattaro kwanukanta ta dawo Kwanyawa, gidan yayanta Sulle. Ya ba ta ɗakin da ake ajiye buhunan gyaɗa, ya kuma faɗa a gaban iyalinsa cewa aro ne. Ba ta da wani wurin.

Tun suna yara ba sa jituwa. Shi yana cewa birni ya koya mata iyayi, ita kuma tana cewa miyar gidansa ruwan wanke tukunya ce. A hankali take faɗa, sai dai katangar gidan ba ta da kauri.

Wata bazara Malam Mijinyawa, maƙwabcin Sulle na gona, ya yarda zai zo su kashe rigimar iyaka da suka yi shekara shida suna ja. Matar Sulle ta tafi suna Rogo, girki ya faɗo kan Ikilima. Sulle ya yanka babban zakaransa, ya ajiye mata a ƙofar madafa. Ta san idan baƙon ya yaba, maganar aro za ta kwanta.

Sai ta yi abin da manyan baƙin likita suka fi so. Ta dafa zakaran da citta da albasa, ta bari ya huce, ta zare ƙasusuwan, ta yayyage naman siriri-siriri, har ƙundun ta yanka ƙanana. Ta fere mangwaro da gwanda da abarba, ta yanka ganyen salak, ta matsa lemon tsami, ta ɗiga man gyaɗa da gishiri da ɗan yaji. Ta juya, ta ɗora kwanon a bakin randa ya yi sanyi.

A Kwanyawa, wanda aka yanka wa kaza yakan gan ta a kwano da ƙirjinta da cinyoyinta, ƙundu a sama. Da haka yake sanin matsayinsa a gidan. Ikilima ta san wannan a da.

Tana bayan ƙofar zaure ta ji an buɗe kwanon. Sannan ta ji an mayar da murfi.

"Malam Sulle," in ji baƙon, "da ka gaya mini an riga an ci, ai da na zo da ƙoshina."

Ya yi sallama cikin ladabi ya tafi. Ba a taɓo zancen gona ba.

Sulle ya shigo da kwanon ya dire a gabanta, ya tambaye ta ina cinyar, ina ƙundun.

"Yaya, zakaranka duk yana ciki. Ko fiffike ban ɗauka ba."

"Wa ya gani?"

Ta ce wanda bai taɓa wuce Rogo ba dole sanyin abinci ya ba shi tsoro. Ya ce ta nemi wuri kafin Juma'a.

Yanzu tana Karaye, a wani ɗaki kusa da tasha, tana sayar da yankakkun 'ya'yan itace. Wasu malaman makaranta kan sa ta yi musu haɗin nan da kaza. Da aka yi bikin 'yar Sulle, wata aka kira ta yi girki. Ikilima ta je, ta gaisa da kowa, ta zauna cikin baƙi. Aka ajiye mata kwano, ta ce tana azumi.