Ƙugiyar Baba da Zarton Inji

Daminar da na shiga aji uku, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, iskar wata Laraba ta tumɓuke tsohon maɗacin ƙauyenmu da ke kusa da Kebbe, ya kwanta a kan bakin rijiyarmu ɗaya tilo. Maza suka yini da gatura ba su ci rabinsa ba. Mu yara muka koma ɗebo ruwan tafki, jajawur, har ƙanwata Hajo ta fara gudawa.

Sai ga wani ma'aikacin gandun daji daga Tambuwal, Malam Isa, da zarto mai inji ɗaure a bayan keke. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ya ja igiya, abin ya yi ruri, awaki suka watse, sai kuma ya mutu. Ya shimfiɗa buhu ya kwance shi, ya nuna wa dattawa wani zoben roba da ke kewaye da sandar ƙarfen da ke juyawa cikin injin. Ya ce ya tsufa, iska na shiga. Yana da sabo a aljihu, cire tsohon ne wuya, don in ƙusa ta karce sandar, injin ya tashi aiki.

Mahaifina wanzami ne, ni ke ɗaukar masa zabira. Ya tsuguna ya daɗe yana leƙen ramin, sannan ya ce in miƙo ƙugiyar cire beli, siririyar nan da ya gada wurin kakana. Malam Isa ya yi dariya ya ce, "Sarkin aska, wanga jinjiri cizo shikai." Baba ya ce, "Kai dai riƙe mani kainai, na ga waɗanda sunka fi shi kuka."

Na tuna washegari za a cire wa jaririn gidan maigari beli, kuma na san Baba ba zai sa ƙarfen da ya sha baƙin mai a bakin ɗan mutum ba. Ya yi bismilla, ya zura ƙugiyar ta gefen roba, ya ɗan juya wuyan hannu kamar yadda na saba gani, zoben ya fito. Malam Isa ya shafa sandar da yatsa, ba ko ƙwarzane. Ya sa sabon zoben, ya haɗa injin, ya ja igiya ya kama. Kafin la'asar maɗacin ya zama gunduwa-gunduwa, mata suna guɗa, guga na sauka. Jaririn maigari kuwa wani wanzami aka kira daga Fakku, shi ya tafi da goro da cinyar rago. Inna ta yi mita har girbi.

Yau kowace kasuwa akwai mai gyaran irin wannan zarto, itatuwan ne suka yi ƙaranci. Ni ban riƙe sana'ar gidanmu ba, na bar zabirar a rumbu har gara ta cinye, abin yana damuna. Ƙugiyar kaɗai ta tsira, bakinta baƙi har yanzu. In jikokina suka tambaye ni aikinta, cewa nake da ita mahaifina ya buɗe wa gari rijiya.