Ɗan Jirgi da Kwatarniyar Aminiyata

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina bibiyar labaran da masu karatu suke aiko muku, wasu su sa ni hawaye, wasu in yi ta dariya ni kaɗai har maigidana ya leƙo ya tambayi ko lafiya. Nawa labarin na bunsuru ne, kuma na san wani zai yi murmushi da jin haka. Duk da haka ina roƙon a ba ni wuri, saboda akwai mata da yawa irina masu kiwo a bayan ɗaki, kuma abin da ya same ni yana iya samun kowace.

A lokacin ina zaune a wani ƙauye kusa da Kunci, inda nake har yau. Ni mace ce mai son a ce mata gwana, ba zan ɓoye ba. A wajenmu gona tana manne da gona, babu filin kiwo, don haka duk damina dabba a turke take wuni take kwana, sai an kawar da amfanin gona mai unguwa ya sa a yi shela, sannan kowa ya saki nasa. Ciyawa da harawa da dusa da kanwa, duk a hannu muke ba su, su kuma su ba mu takin da ake kaiwa gona. Awakina ba su da yawa amma suna sheƙi, kuma duk matar da akuyarta ta ƙi ci ni take aikowa a kira. Wannan ya sa kaina ya ɗan kumbura, na ɗauka a harkar awaki babu wanda zai koya mini komai.

Ina da ƙane da yake aiki a wata babbar gona a wajen birni, inda suke shigo da awaki daga ƙasashen waje. Ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa kullum yake neman abin da zai faranta mini. Wata shekara dab da kaka ya zo da labarin cewa sun shigo da jajayen awaki daga Afirka ta Kudu, kuma ya samu a ba shi bunsuru ɗaya, yana so ya ajiye a wurina ya gyara irin awakinmu, ni da maƙwabta. Ya zauna yana lissafa mini wahalar da aka sha kafin dabbobin su taka ƙasar nan. Wai sai da aka nemi izinin hukuma tun kafin a saya, likitocin can suka ɗebi jininsu suka gwada, suka yi musu allurai, suka killace su, suka ba da shaidar lafiya, sannan aka sa su a jirgi. Da suka sauka kuma likitocinmu suka sake tsare su suna dubawa. Na ce masa to wannan ai ya fi maniyyaci shan bincike, ga shi ya riga ni hawa jirgi. Daga wannan maganar sunan Ɗan Jirgi ya bi bunsurun.

Ranar da aka sauke shi daga mota sai da na riƙe baki. Ja ne wur, ga faɗin ƙirji, ga kunnuwa sun zubo, tsayinsa ya kusa na ɗan maraƙi. Ƙanena ya zo tare da likitan dabbobi daga Kunci, wani dattijo marar hayaniya. Likitan ya sa maigidana ya kewaye wani lungu da zana can bayan rumbu, nesa da turken awakina, ya yi wa bunsurun allura, sannan ya yi mini dogon bayani. Ya ce a bar shi shi kaɗai wajen wata guda, kada wata dabba ta kusance shi, a ware masa kwanon ci da na sha da igiya da tsintsiya. Ya ƙara wata magana game da allurar, amma ni a lokacin idona yana kan ƙirjin nan ina hasashen 'ya'yan da za a haifa. Abin da na ɗauka kawai shi ne ana tsoron kada baƙo ya shafa wa namu wata cuta. A raina na ce dabbar da ta wuce hannun likitocin ƙasa biyu wace cuta za ta rage mata, amma na amsa da to, tunda amana ce ƙanena ya ba ni.

Kafin la'asar gidanmu ya cika da 'yan kallo, na hana kowa wuce rumbu, sai leƙe ta saman zana. A nan tsegumi ya fara. A al'adarmu wanda yake da bunsuru mai kyau ba ya hana maƙwabta, mace ta jawo akuyarta a yi barbara ta koma, ko godiya ba dole ba ce. Hana wannan rowa ce da ake yi wa mutum gori da ita har jikoki. Aka fara cewa na sa bunsuru a kulle, wasu suka ce lalle na sa shi, a jira ranar buɗar kai. Na ji haushi sosai, amma na daure.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce aminiyata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, a shekara ɗaya aka kawo mu garin, ita ta zauna a kaina duk haihuwar da na yi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma abin da ta mallaka na dabba akuya ce guda ɗaya, ja, mai yawan haihuwar tagwaye. Wata safiya ta shigo riƙe da igiyar akuyar tana dariya, ta ce ta kawo wa ango amarya. Na tare ta a tsakar gida na ce ta yi haƙuri, likita ya hana sai wata ya cika. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta gane ni ba, sannan ta ce ba komai, ta juya. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba, domin ban taɓa ce mata a'a ba tunda muke.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ta ta dawo ɗauke da kwatarniya a ka, cike da jiƙaƙƙiyar dusa da kanwa. Ta ce kada in ɗauka ta yi fushi, ta kawo wa baƙo abin taɓawa ne, tunda ba a yi masa sannu da zuwa ba. Ta ƙara da cewa akuyarta ta dama wa, ta sa baki kaɗan ta bari, kwana biyun nan ba ta son ci, ga 'yar majina, shi ne ta ce maimakon a zubar gara baƙo ya samu. Ni gwanar awaki sai na ce mata murar sauyin yanayi ce, ta rage ba ta ruwan sanyi da safe. Daɗi ya rufe ni don ta huce. Na riga na mayar da akuyarta, ina zan iya mayar da hannun kyautarta baya? Da hannuna na sauke kwatarniyar, na kai bayan rumbu na ajiye a gaban Ɗan Jirgi, muka tsaya muna kallo yana ci muna yaba yadda yake lashe gefe.

Ba a yi mako ba na tarar da shi tsaye ya sunkuyar da kai, ya daina tuƙa, jikinsa zafi rau. Washegari majina ta toshe masa hanci, kwantsa ta manne idanunsa, sai kuma zawo. Na ce na shiga uku. Maigidana ya hau babur ya ɗauko likita. Da ya buɗe bakin bunsurun ya ga gyambo a dasashi, sai fuskarsa ta canza. Ya ce wannan cutarmu ce ta nan, wadda take share garken awaki, kuma a ƙasar da aka ɗauko shi babu ita, jininsa bai san ta ba. Wai allurar da ya yi masa ta wannan cutar ce, kuma ya gaya mini tun ranar cewa sai ta yi makonni kafin ta kama jiki. Sai a lokacin na gane killacewar nan ba don a kare namu daga gare shi ba ce kaɗai, har da kare shi daga namu.

Ya tambaye ni ko wata dabba ta shiga wurin, na ce ko kaza ba ta shiga ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya tambayi ko an kawo igiya ko kwano ko abinci daga wani gida. Na yi shiru ina kallon ƙasa, alhali kwatarniyar tana kife a gindin rumbu. Na san idan na ambaci sunanta, gari zai ce bazawarar nan ce ta kashe bunsurun da aka kawo a jirgi, wasu ma su ce da gangan ta yi don an hana ta. Likitan bai matsa mini ba. Ya yi wa bunsurun allurai, ya nuna mini yadda zan riƙa wanke masa hanci da baki ina ɗura masa ruwan gishiri da sukari. Da zai tafi ya ce in yi tunani, domin cutar tana wani gida a garin nan, kuma an kusa sakin dabbobi. Idan suka haɗu a fili ɗaya, ba bunsuruna kaɗai za a yi kuka a kai ba.

Bayan azahar na sa hijabi na zagaya gidanta. Na tarar da ita durƙushe a gaban akuyarta, wadda ta kwanta ta miƙe wuya, idanu a manne kamar na Ɗan Jirgi. Ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na zauna kusa da ita na gaya mata komai, har da shirun da na yi wa likita. Na zaci za ta yi kuka ko ta ce na zo ɗora mata laifi. Sai ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba za ta bari in ɗauki wannan ni kaɗai ba. Ta ce ita ta kawo, ni na karɓa, don haka tare za mu faɗa. Muka je wurin maigidana ya kira likitan a waya, ita da bakinta ta yi masa bayani.

Abin da ya biyo baya alheri ne, ko da yake da ɗaci a ciki. Likita ya ga mai unguwa, aka ɗage sakin dabbobi, ma'aikata suka zo suka bi gida gida suna yi wa awaki da tumaki rigakafi. An samu wasu gidaje da cutar ta fara taɓawa, aka ware nasu. Akuyar aminiyata ba ta tashi ba. Na taya ta kuka, domin na san abin da akuyar nan take nufi a gidan marayu. Shi kuwa Ɗan Jirgi ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, na yi ta jinyarsa kamar jariri, ina dama masa kunu ina ɗura masa. Wata safiya na zo da harawa sai na ga ya miƙo wuya ya fizga. Na tsaya a wurin ina ta hamdala, hawaye na zuba. Da ƙanena ya zo na gaya masa yadda aka yi ban rage komai ba. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai, Yaya da kin tambaya ai da an sake yi miki bayani. Wannan maganar ta fi zagi shiga jikina, saboda gaskiya ce.

Da likita ya ba da izini, aka buɗe zana, matan da suka yi mini gorin kulle su ne farkon jawo awakinsu, ni kuma ban hana kowa ba. Yanzu idan ka shigo garinmu za ka ga jajayen 'yan awaki masu zubabbun kunnuwa a kusan kowane gida. 'Yar akuya ta farko da aka haifa a turkena, da aka yaye ta, na sa mata igiya na kai wa aminiyata. Ta yi ta ƙi, na tuna mata cewa ba a mayar da hannun kyauta baya, muka yi dariya har muka riƙe ciki. Ita ma sai da ta ware 'yar akuyar a lungu na 'yan makonni, ko da yake daga bayan katangarta ta fito.

Abin da na koya shi ne sanin da nake taƙama da shi na awakinmu ne, kuma ko shi ɗin bai kai yadda nake zato ba. Ina kira ga 'yan'uwana masu kiwo, duk dabbar da ta zo daga wata ƙasa, ko ma daga kasuwar gaba, a ware ta yadda likita ya ce, kuma a saurari bayanin har ƙarshe, abin da ba a gane ba a tambaya. Shaidar lafiyar da ta zo da ita tana faɗin abin da ba ta ɗauko ba ne, ba ta hana ta ɗaukar abin da ta tarar. Cuta tana bin kwano da igiya da tafin hannu, tana kuma iya zuwa a cikin kyautar wanda ya fi kowa ƙaunarka. Kada kunya ta sa a karɓa, kada kuma ta sa a yi shiru idan an riga an karɓa.

Kwatarniyar tana nan har yau. Aminiyata ta ƙona ta da wuta ta wanke, ta ajiye ta a bakin turkenta da ruwa da sabulu. Duk wanda zai taɓa awakinta sai ya wanke hannu a ciki. Jiya ma da na shiga ganin tagwayen da jar akuyar da na ba ta ta haifa, sai da ta tare ni ta nuna mini ita, ni kuma na durƙusa na wanke.