Bugun da Ba a Ƙirgawa

Shekara talatin da uku ke nan rabona da Damagaram, amma yau wani tsohon littafi da na tsinta a akwati ne ya ɓata mini rai.

A shekarun casa'in, mu takwas masu kasa kaya a tebur a unguwar Harlem muka kafa gasar besbol, wasan ƙwallo da sanda, amma ta takarda. Kowa ya zaɓi 'yan wasa na gaske, abin da suka yi a fili shi ne makinsa. Ni ke kwafo sakamako daga jarida zuwa littafin nan, ni kuma ke tsare teburin duk wanda ya tafi gida.

Ranar zaɓen abubuwan da za a ba maki, na ce a saka bugun sadaukarwa, wato mutum ya yarda a fitar da shi don abokinsa ya matsa gaba.

Habu mai agogo ya yi dariya. "Haba Malam Isa, wa ke ƙirga wanda aka fitar? Wanda ya cilla ƙwallo bayan katanga ake tafa wa."

Na ce, "To shi wanda ya matsa, wa ya buɗe masa hanya?"

"Ƙafarsa mana."

Aka ɗaga hannu, bakwai da ɗaya, ni ne ɗayan. Ba maguɗi, ƙuri'a ce.

A shekarar Habu ya yi wata uku a gida, ina riƙe da teburinsa. Da mahaifiyata ta rasu, babu wanda ya ce mini je ka, na tsare naka.

Ku da ke waje, an taɓa ƙirga muku irin wannan bugun?

Ni dai abin da na iya adanawa shi ne littafin nan, hula ɗaya, da lambobin waya bakwai da ba a ɗagawa.